Injin Yankan Ciyawar Hatim

Sa'ud ya ɗale kan jan injin ya kama sandunansa biyu, yana dariya.

"Kawu, dubi wannan! Ba shi da sitiyari, a wuri ɗaya yake juyawa."

Lurwanu ya bi shi da kallo. Yana tsaye a bakin shagon kayan lambu na unguwar Aziziyya, hannuwansa a baya. Shekara goma sha bakwai ke nan yana tura ƙaramin inji a gidan hutun Hatim da ke gefen dutse, har kafaɗarsa ta dama ta daina ɗaguwa sosai. Sau uku yana roƙon a sayo mai kujera. Sai yanzu maigidan ya yarda, wata huɗu bayan Lurwanu ya kawo masa Sa'ud, ɗan ƙanwarsa, aiki. A mota ma Hatim ya faɗa: Sa'ud ne zai riƙa hawa, shi ya iya tuƙi. Lurwanu ya koma ban ruwa.

Hatim yana zagaya injin yana shafa fentin. Shi da Sa'ud da mai shagon sai Larabci suke zubawa. Ba wanda ya waiwayo.

Lurwanu ya dubi ƙananan tayoyin gaban, masu lilo kamar na keken asibiti. Ya san gangaren bayan gidan, ya san inda ruwa ke kwanciya da safe ciyawa ta yi santsi, da katangar dutsen da ke ƙasa. Wannan injin ba zai yi mako ɗaya ba zai kwashi mai hawansa.

To, ya kwashe shi mana. Daga nan Hatim zai tuna wanda ya san wurin.

Tunanin ya yi masa daɗi, har ya tsorata. Ya tuna Haifa, matar Sa'ud, da cikinta wata bakwai.

"Sauko," ya ce da Hausa, can ƙasa.

"Na'am, Kawu?"

"Zai zame da kai. Ka ga koren can na lungu? Mai sitiyari, gajere, tayoyinsa masu faɗi da kaushi. Shi za ka ce a saya. Ka tambaya ko duka tayoyin huɗu suna ja. Kuma sama da ƙasa za ka riƙa bi, ban da ratsa gangaren a karkace."

Sa'ud ya sauko. Sai ya juya ya maimaita wa Hatim komai da Larabci, bai rage ko kalma ba. Mai shagon ya gyaɗa kai, ya ce da ma abin da yake shirin faɗa ke nan.

Hatim ya dafa kafaɗar Sa'ud. "Masha Allah! Wata huɗu kawai, har ka san gidan nan haka?"

Sa'ud ya saci kallon kawunsa, ya buɗe baki, ya rufe.

Aka tura koren injin bayan motar ɗaukar kaya, aka ɗaure. Igiya ɗaya ta yi gajarta.

"Lurwanu, hau baya ka riƙe shi," in ji Hatim.

Ya hau. Babu wurin zama sai kujerar injin, tana cikin ledarta. Ya zauna a hankali, ya kama sitiyarin da hannu biyu. Motar ta tashi.