Hira da Kabewa

Kwamitin ɗa'a na jami'a ya ce babu mai binciken da zai yi wa yaro tambaya kan cin zarafi sai ya ci jarrabawar sauraro. To da wa za a yi gwajin, tunda yaran ne aka hana taɓawa? Sai Dakta Elisha, mai horar da su, ya faɗa kasuwar Wudil ya dawo da kabewa cike da bayan mota. Kowa aka danƙa masa tasa, aka zana mata ido da baki, aka ɗora ta a kujerar 'yan nazare.

Darasin, in ji shi, ba wuya. Yaron da ake cuta ba ya magana sai an bar masa fili. Ka durƙusa daidai tsayinsa, ka yi tambaya ɗaya, ka kama bakinka. Wanda ya kasa, babu shi a tawagar da za ta shiga ƙauyukan Utai da Achika.

Haka manyan mutane masu digiri bibbiyu suka zube gaban kabewa. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Wani Malam Labaran ne ya zo na ɗaya, Dakta har da sa a tafa masa. Barci ya yi, amma wa zai tona?

Malama Rahila ce matsalar. Ta daɗe tana burin wannan aiki, kuma Allah ya ba ta zuciya mai kyau, sai dai ya haɗa mata da baki marar birki.

"Me ke damunki?" ta tambayi tata kabewar. "Yunwa ce ko? A'a, duka ne, na gani a idonki. Kawunki ne? Ai na san shi ne!"

Dakta ya dafe kai. "Malama Rahila, kin kai kawun kabewa gidan yari, ita ko uffan ba ta ce ba."

"Haba Dakta, ai ba za ta taɓa cewa komai ba!"

"Ya aka yi kika sani? Kin taɓa jira?"

Ya ba ta wa'adi zuwa Litinin ta sake gwadawa. Ta naɗe kabewar a zani ta hau adaidaita zuwa gidanta a Sabon Gari, har wata tsohuwa ta ce mata Allah ya raya.

Ranar Asabar da hantsi ta ajiye ta a tsakiyar falo, ta durƙusa, ta yi tambayar, ta cusa gefen zaninta a baki ta cije. Wahala ce ta gaske, har gumi take. Tana cikin haka 'yarta Godiya, 'yar aji uku a firamare, ta leƙo ta tsaya tana kallon ikon Allah.

"Mama, in kin gama, ni ma zan iya gaya mata nawa?"

Da baki a toshe, Rahila ta gyaɗa kai kawai. Yarinyar ta juyo da fuskar kabewar wajenta, ta ba uwarta baya.

"Malamin lesin yana sa min biro tsakanin yatsu ya matse in na kasa lissafi," ta ce a hankali. "Ya ce in na faɗa zai ƙara. Rannan na fara gaya wa Mama hannuna yana ciwo, sai ta ce yawan rubutu ne, ta shafa min man zafi, ta ce in gaida malam."

Tambayoyi suka taso wa Rahila har wuya. Tun yaushe? Wane hannu? Don me ba ki sake faɗa ba? Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, hawaye na bin zanin da ta cije. Ta yunƙura za ta rungumo 'yarta.

Godiya ta ji motsin, amma ba ta waiwayo ba. Ta dafa kabewar da hannun nan mai ciwo.

"Tsaya," ta ce. "Ban gama ba."

Rahila ta koma ta durƙusa.