Kukan da ya Shiga Faifai

Ranar Litinin Alcide ya je gidan Mis Eulalie, don ya san jan wake na kan wuta, ba za ta fita ba. Faifansa ne ya ci kyautar kiɗan jazz ta bana. Waƙar da kowa ke yabo a ciki kuwa, a jana'izar mijinta Prosper, mai gangar ƙungiyarsu, aka ɗauke ta.

A New Orleans da kiɗa mai sanyi ake raka gawa. In an sallami motar gawa sai mai ƙaho ya juya kiɗan, a ɗaga laimomi sama, a taka rawa. Juyin a hannun Alcide yake. Ran nan mota ta riga ta sha kwana, sai matar Prosper ta saki wani kuka siriri da ya hau kan busarsa daidai, ga kuma 'yar na'urar ɗaukar sauti maƙale a bakin ƙahon. Sai ya ƙi juyawa. Ya sake zagayo waƙar, ya kuma sakewa, jama'a na tsaye cikin rana, shi kuwa a ransa yana fatan ta ƙara.

"Ga mai kyauta," in ji ta. "Shigo, in kan nan naka zai wuce ƙofa."

"Mis Eulalie, ai kin san ni."

"Na san ka tun kana busa kamar agwagwa mai mura. Zauna."

Tana juya tukunya, ta ba shi baya, ta ce ta ji waƙar a rediyo, ta kuma gane muryarta.

"Ban ji haushi ba, ɗan nan. Fasto ya hanzarta ni, 'ya'yana sun hanzarta ni, kowa ƙafarsa na ƙaiƙayin rawa. Kai kaɗai ka tsaya har na gama kukana. Duk matan cocinmu na gaya musu."

Da ya yi shiru da shi ke nan. Ya kuwa san haka. Amma godiyar ta fi ƙarfinsa, ya ji gara zagi.

"Ba don ke na tsaya ba," ya ce a hankali. "Na'urata tana ɗaukar sauti. Na ji kukan ya yi daɗi, shi ya sa na ja shi."

Ludayin ya tsaya. Ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo, babu fushin da ya zo nema a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Wa ya tambaye ka, Alcide?"

"Na ga bai kamata ki riƙa gode mini ba."

"To, ka samu sauƙi ko?" Ta jawo kujera ta zauna, ta goge hannu da siket. "A duk ranar nan abu ɗaya ne nake iya tunawa in yi barci. Yanzu sai ka faɗa mini da me zan tuna ta."