Jinin Muzet

Heaika ya riƙe ƙahon Muzet, namijin barewarsa ta tsere, irin bareyin ƙasar ƙanƙara, har Ravdna likitar dabbobi ta gama ɗibar jini a wuyansa. Wannan ne karo na biyu a ranar. Ta ɗiba da suka dawo gudu daga daskararren tafki, yanzu kuma bayan dabbar ta huta.

Ta daɗe tana duban 'yar na'urarta.

"Kawu, sau nawa kake fitar da shi?"

"Yadda ya kamata."

"Kawu."

"Safe da yamma," ya ce, yana kallon takalmansa.

"Kullum? Haba! Ko injin ne ai sai ya yi zafi. Tsamin da gudu ke tarawa a jini, in dabba ta saba, da ta huta yake sauka. Nasa ya ƙi sauka. Naman jikinsa yagewa yake, ga shaida nan cikin jinin. Ka sa shi tseren Asabar, ba na ce zai dawo da ƙafafunsa ba."

Heaika ya san barewar tsere sai ana barinta ta yi kwanaki tana hutawa, tun yana yaro ya san haka. Amma tun da matarsa ta rasu, 'ya'yan suka koma birni, gidan ya yi masa shiru da yawa. In ya sha gahawa ya rasa abin yi, sai ya ɗaura katakon zamiya a ƙafa ya kama linzami, Muzet ya ja shi a kan ƙanƙara. A bayan Muzet kaɗai yake jin yana da rai.

"To in ɗaure shi a gida ya huta?"

"Kai ɗin? Jibi za ka ce bari ku ɗan miƙe ƙafa. Mai da shi garke."

A al'ada sai an gama tsere, ƙanƙara ta fara narkewa, ake sakin bareyin tsere daji, ba a sake kama su sai lokacin tara garke da kaka. Shi kuwa washegari ya ja Muzet har bakin dajin da garken ƙauye ke tonon gansakuka. Ya kwance ragamar.

"Tafi, ja'iri. Ka ci ka ƙoshi."

Muzet ya shinshina iska, ya taka a hankali, sannan ya kutsa cikinsu ko waiwaye bai yi ba. Heaika ya yi masa murna, ya kuma ji zafin abin har cikin ƙirji. Ya tsaya yana bin sa da ido har ya kasa bambance shi da sauran. Ashe a cikin su biyun, ɗaya ne kawai ba shi da garken komawa.