Allon Farfesa Liebenthal

Shekara talatin na yi ina goge alluna a jami'ar garinmu nan Jamus, kuma dokar aikin guda ce: duk abin da malami ya zagaye da alli ya rubuta "Kar a goge", ko gobara ta tashi ba mai taɓa shi sai mai shi.

Farfesa Liebenthal ya fi kowa isa ta da wannan zagaye. Ransa kaf ya ƙarar a kan ƙwayar zarra, wai abin da ke cikinta ba ya zama wuri guda sai an zuba masa ido. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ɗalibanka ma haka suke." Ya yi dariya har lofensa ya faɗi.

A Afrilun 1933 takarda ta zo daga gwamnati, Bayahude ba zai ƙara koyarwa ba, Farfesa kuwa Bayahude ne. Ta same shi yana tsakiyar lissafi. Ya karanta, ya zagaye allon, ya ce, "Trudel, saura rabi. Ki tsare mini."

Ottmar, ɗalibinsa da ke shan miyar dankali a gidansa duk Lahadi, shi ya haye kujerarsa, da bajon jam'iyya mai mulki a ƙirji. Ko kunya! Ya ce, "Inna Trudel, goge min wannan shirmen."

Na ce to. Yana fita na jawo kabad ɗin kwalabe na rufe allon.

Shekara goma sha uku allon ya yi a ɓoye. Wallahi da safe, in na sa makulli a ƙofar, sai in ji ƙarar alli a bayan kabad, kamar mai rubutu yana sauri. Ina buɗewa a yi tsit. Tsoro nake ji, amma ranar da ban ji ba sai in wuni da baƙin ciki.

Bayan yaƙin duniya Ottmar ya shigo, ya rame, ba bajo. Ya ce daga Holand, inda Farfesa ya gudu, aka ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa sansanin Yahudawa a gabas, bai dawo ba. Na sa kafaɗa na ture kabad.

Ya daɗe yana karantawa, leɓensa na motsi. Can ya ce, "An warware wannan tun kafin yaƙi, a Amurka. Ba shi da sauran amfani."

"To madalla." Na cusa masa jiƙaƙƙen tsumma a hannu. "Ni baƙauya ce, doka nake bi. Kai da ka gaji kujerarsa, goge."

Ya ɗaga tsumman, ruwa na bin hannun rigarsa. Ya tsaya haka har ƙararrawa ta kaɗa. Sai ya ajiye, ya ɗauki guntun alli, ya bi zagayen da ya dushe yana sabunta shi.