Kwantaccen Cikin Ummul Khairi

Ƙanwata Ummul Khairi ba ta taɓa ko ɓari ba a zamanta da mijinta Nomau. Sai da aka binne shi a Gidimuni sannan cikinta ya soma tasowa. Uwar mijin, Inna Balki, ta ɗora hannu a kai ta ce kwantacce ne, wato ɗan Nomau ne ya firgita da mutuwar ubansa ya yi barci, zai kuma farka in lokacinsa ya yi. Nomau kaɗai Allah ya bar wa tsohuwar a duniya. Babu wanda ya iya kallon idonta ya musa.

Mai ciki kuwa ba ta fita takaba sai ta haihu. Haka Ummu ta zauna a ɗakin mamaci, ba lalle ba kwalli, damina ta zo ta wuce, wata ta sake kamawa. Kullum ana ɗura mata jiƙe-jiƙen tada ciki.

Ranar da na zo daga Zinder na gan ta, raina ya yi mugun ɓaci. Idanunta sun koma ruwan ɗorawa, wuya ya zama tsinke, cikin kuma ya karkata dama, can sama ƙarƙashin haƙarƙari. Ni da na haihu har na gaji, ban taɓa ganin ɗa ya hau nan ya zauna ba. Na yi wa mutanen gidan tatas, na saka Ummu a mota. Inna Balki ta ɗauki ƙullin kayanta ta biyo mu.

A asibiti aka yi mata hoton ciki, likitan, lokotoro Kassim, ya juyo mana da allon, ni da Ummu kaɗai. Mahaifa wayam. A jikin hanta ne wata jaka ta fito, cike da ruwa mai yauƙi, da ɗakuna-ɗakuna a cikinta. Ya ce ba safai ake ganin irin wannan ƙari ba, kuma mata ya fi kamawa. In an zuƙe ruwan da allura sake cika zai yi. Sai dai a yanke jakar ɗungurungum da wani yanki na hantar, in ba haka ba wata rana ta rikiɗe ta zama cutar kansa.

Ummu ta ƙura wa allon ido. Da muka fito ta ce da ni, "Yaya, na ga kan yaron. Kuma yana motsi, wallahi ina jin shi."

Tsoro ya kama ni, don ba da wasa ta faɗa ba. Na lallashe ta, na zage ta, na yi kuka, duk a banza. Ba ta yarda a yi mata aikin ba sai ranar da ta tashi sallar azahar ta kasa ruku'u.

Aiki ya yi kyau. Lokotoro ya ce sun cire jakar ba ta fashe ba, an aika da ita Yamai a duba, daga baya kuma aka ce ba ta kai ga rikiɗewa ba. Hanta, in ji shi, tana sake tofowa kamar zogale.

Da Ummu ta farfaɗo, Inna Balki ta shigo ɗakin a hankali, riƙe da ɗan farin ƙyalle a ninke. Likkafani ne, bai fi kallabi ba. Ta tsaya a gefen gado ta ce, "'Yar nan, namiji ne ko mace?"

Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai Ummu ta damƙe wuyan hannuna.

"Namiji ne, Inna," ta ce. "Bai zo da rai ba. Sun riga sun yi masa sutura."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta rungume ƙyallen. An ce da ta koma Gidimuni ta sa aka haƙa ɗan rami kusa da kabarin Nomau, aka binne ƙyallen haka nan babu kowa a ciki.

Yanzu Ummu tana gidana a unguwar Birni, nan Zinder. Ta fita takaba, ta yi ƙiba, ta koma ƙunshi, tabon aikin ma ya dushe. Kowa ya gan ta sai ya ce ta warke sarai. Amma wani lokaci muna tsakar hira, jikokina suna ta ihu a tsakar gida, sai in ga ta kai hannu ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, inda babu komai yanzu. Sai ta rage murya, ta ce da yaran su yi a hankali.