Faɗin Yatsa

Ruwan da ke cikin bokitin ya yi shuɗi-shuɗi. Shi Auta ya fara gani da ya turo ƙofa, tun kafin ya ga mahaifiyarsa.

Inna na durƙushe a gaban gado tana matse soso. Jakarta na bakin ƙofa, ko zugewa ba a yi ba. Daga tasha ta wuto kai tsaye zuwa gidan tallafin, inda wata ƙungiya ke saukar da masu ciwon daji da suka zo asibiti daga nesa. Baba na zaune a gefen katifa babu riga, ƙirjinsa ya yi jawur saboda cuɗa.

"Sannu, mai jinya," in ji Inna, tana harararsa cikin wasa. "Haka ake yi? Ka bar ubanka da tawada a jiki kamar bangon makaranta? Da ƙyar ta fita, sai da na sa ƙarfi."

Gwangwanin madarar da ya sayo ya suɓuce daga hannunsa, ya gangara ƙarƙashin gado.

Zane uku ne. Ranar da aka ɗauki hoton ƙirjin Baba, ma'aikaciyar ɗakin gashi, inda inji ke ƙona ciwon daji, ta yi su da shuɗin alƙalamin maka, kowanne kamar alamar tarawa: ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin kowace hammata. Ta manna siririyar filasta a kai. Ta ce da zanen ne injin zai gane inda ciwon ya ɓuya, can cikin hanyar abinci. Ta ce kada ruwa ya taɓa su. In suka goge, sai an sake hoto, an sake lissafi, an koma bayan layi. Tun daga ranar Auta ke goge wa Baba jiki da tsumma, yana kewaye zanen kamar mai kewaye wuta.

Yau da rana za a fara gashin.

"Baba," in ji Auta. "Kana kallo?"

Baba ya sunkuyar da kai. Tun da ciwon ya ci ƙarfinsa, maganarsa ta koma kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako. "Maganin nan ya sa ni gyangyaɗi. Na ji ruwan ɗumi, na ji hannunta. Na manta."

Inna ta dubi wannan, ta dubi wancan. Sosan na ɗiga a kan zanenta. "Me na yi?"

Babu wanda ya amsa mata sai Direba, mai ɗaya gadon, wanda ya dawo daga shan hantsi da kofi a hannu. Tsohon direban babbar mota ne, ya riga Baba fara gashi, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya leƙa bokitin, ya leƙa ƙirjin Baba, ya yi salati.

"Hajiya, kin wanke wa Kafinta lambar mota! Yau ba ya hawa titi." Ya ga fuskarta ta canza, sai ya rage murya. "Ba laifinki ba ne, ba a faɗa miki ba. Amma layin hoton nan ba ya tafiya. Wanda ya bar mini gadon nan, gumi ne ya cinye nasa zanen. Aka ce ya je gida, za a kira shi."

"Aka kira shi?" Inna ta tambaya.

Direba ya kurɓi abin da ke kofinsa. "An kira. An makara."

Ya juya ya fice.

Auta ya durƙusa ya kawo fuskarsa kusa da ƙirjin mahaifinsa. Na tsakiya ya bar ɗan dishi-dishi, kamar tsohon rubutu a jikin shago. Na dama ma akwai inuwarsa. Ya ɗaga hannun hagu. Babu komai sai jar fata.

"Tashi mu je mu faɗa musu tun da wuri," ya ce.

"Rufe ƙofa."

"Baba..."

"Na ce rufe ƙofa." Baba ya miƙa hannu ƙarƙashin matashi ya zaro tef ɗin awonsa. Bai riƙe guduma ba tun bara, amma tef ɗin bai taɓa rabuwa da shi ba. "Mece ce sana'arka?"

Auta ya rufe ƙofar.

"Ba kai ke rubuta wa mutane allunan shaguna ba? Rabin kasuwa hannunka ne. Jakarka cike take da maka. Ɗauko shuɗiya."

"Wannan ba allo ba ne."

"Layi layi ne. Biyu suna nan, bi kansu kawai za ka yi. Na ukun mu auna. Daga tsakiya zuwa dama nawa ne, ka juyo da shi hagu. Mutum ai kamar ƙofa mai ɓari biyu ne, abin da ke nan shi ke can." Tari ya sarƙe shi. Inna ta miƙa masa ruwa a cokali. Ya riƙe shi a baki ya daɗe, ya runtse ido, ya tura. Rabi ya wuce, rabi ya dawo ta gefen baki. Ya goge da bayan hannu, ya dubi ɗansa. "Ka gani? Jiya cokali yana wucewa. Ka ce in koma bayan layi da wannan wuyan?"

Auta ya dubi ƙasusuwan kafaɗar da ta taɓa ɗaukar katakon rufi ita kaɗai. Ya buɗe jaka.

Ya zaro shuɗiyar maka. Ya bi na tsakiya, ya bi na dama. Baba da kansa ya danne bakin tef da babban yatsa, yana faɗin awo a hankali kamar suna cikin shago. Auta ya zagayo da tef ɗin ta hagu, ya ɗiga alama, ya ja layi ya gilma masa wani. A ƙarƙashin makar yana jin bugun zuciyar Baba, fatar na ɗagawa tana sauka. Ya yanko filasta daga ta ciwon hannun Baba ya manna.

"Ka ga aiki," in ji Baba. "Ya fi nasu kyau."

Inna ta ɗauki bokitin ta kai bayan gida ta zubar, ta ɗauraye shi har sau biyu.

Ba a jima ba Anti ta ƙwanƙwasa. Ita ke kula da gidan. Ita ma ta taɓa kwanciya a ƙarƙashin injin nan shekarun baya, kuma kowace safiya sai ta bi ɗaki-ɗaki da tambaya guda.

"Baba Kafinta, zane na nan?"

Baba ya ɗaga riga. Anti ta duba daga inda take tsaye, ta gyaɗa kai.

"Madalla. Yau ango ne kai." Ta juya ga Inna. "Mama, sannu da hanya. Bari in ja miki kunne tun yanzu, don na san halinmu mata da soso. Kin ga zanen nan? Injin ba shi da ido. Inda aka nuna masa nan yake ƙonawa, bai san ciwo ba, bai san lafiyayyen nama ba. Ga huhu nan, ga zuciya nan, duk maƙwabta ne. Ko gumi kika gani, ki ɗan danna da tsumma, kada ki goga."

"To," in ji Inna. Idonta na kan tabarmar ƙasa.

Anti ta wuce ɗaki na gaba. Suna jin muryarta tana maimaita tambayar.

Da rana Auta ya tura keken Baba suka tsallaka titi zuwa asibiti. Inna na biye da su da gorar ruwa da cokali. Ɗakin gashi yana can ƙasan bene, ƙarshen wani dogon baranda marar taga. Mutane na zaune a kan benci, kowa da tawul a cinya, babu mai magana. Wani jan ƙwan lantarki a saman ƙofa yana kamawa, a ji ƙugin injin ta cikin bango, ya mutu, a fito da mutum, a shiga da wani.

Auta ya zauna ya tura hannun damansa cikin aljihu. Tawada ta kama gefen babban yatsansa. Ya murza ta da yawu tun a hanya, ta ƙi fita.

Baba ya jawo hannun rigar Auta. "Ka saki fuska. Kamar wanda ya yi sata."

"Baba, in awon bai yi daidai ba fa?"

"Na taɓa rataya ƙofa ta ƙi rufuwa?"

Ma'aikaciyar ta leƙo, ta kira su. Doguwar mace ce mai tabarau, gajiya ta kwanta a ƙarƙashin idanunta. "Kai ne ɗansa? Zo ka taya ni ɗora shi, sai ka fita."

Ɗakin da sanyi kamar cikin firji. Injin ya sunkuyo a kan wani siririn gado mai tauri. Suka kwantar da Baba, ta ɗaga hannayensa sama da kai ta kama masa maƙalai. Ta rage fitila. Sai ga siraran layukan jan haske sun fito daga bango da rufi, sun gilma juna a kan jikin tsohon.

Ta danna wani abu, gadon ya matsa. Jan hasken ya hau zanen tsakiya, ya zauna daram. Ta zagaya dama, ta duba. Ya zauna. Auta ya ji numfashinsa ya fara dawowa.

Ta zagaya hagu.

Ta tsaya. Ta gyara tabarau. Daga inda yake, Auta na hango hasken ya wuce ta saman zanensa, tsakaninsu faɗin yatsa.

"Baba, ka karkace," ta ce. "Saki jikinka, kada ka taimaka mini."

Ta sa tafukanta biyu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa, ta murza shi a hankali. Ƙirjin ya juya kaɗan. Hasken ya matso. Ta koma dama, ta ga can ya ɗan goce, ta yi tsaki, ta dawo ta ƙara murzawa, ta ja zanen gadon. Tana ta lanƙwasa Baba don ya dace da layin da Auta ya ja. Baba ya cije leɓe bai yi ƙara ba. Idanunsa kaɗai ya juyo, suka kafe Auta.

"Ramewa ce," ma'aikaciyar ta faɗa wa kanta. "Fata ta saki." Ta ƙara turawa. Jan hasken ya hau tsakiyar zanen hagu. "Yawwa. Baba, kada ka motsa. Kai kuma mu je."

Ta tasa Auta gaba. A bakin ɗakin ta danna maɓalli, ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta fara tafiya a kan layinta tana gurnani. Ta cikin abin da ya rage na ƙofar yana ganin tafin ƙafafun Baba, farare, da jan layi kwance a gefen zuciyarsa.

"Malama."

"Ka zauna a benci, ba ya daɗewa."

"Malama, ni na zana."

Ta ɗauke yatsa daga maɓallin. Ƙofar ta tsaya.

"Me ka ce?"

"An wanke da safe, bisa kuskure. Ni na mayar. Biyu na bi sawunsu. Na hagu aunawa muka yi."

Ta dube shi, ta dubi hannun da ya fito da shi daga aljihu. Ya jira ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta murza idanu.

"Ni ma na yi mamakin yadda layina ya miƙe haka," ta ce. Ta tura ƙofar ta koma ciki, ta kunna fitila. Jan hasken ya dushe. Ta jiƙa auduga da sifirit, ta ɓare filastar, ta goge zanen ɗaya bayan ɗaya. "Baba, yau babu gashi. Zan hau sama in sami likita, in roƙa a matse ku a layin hoto. Ban yi muku alkawari ba. Ku bar waya a kunne."

Da Auta ya zo ɗaga shi, Baba ya janye hannunsa, ya dafa kafaɗar ma'aikaciyar ya sauka. Kafin su kai ƙarshen barandar an kira wata mata, ta miƙe da tawul ɗinta, jan ƙwan ya kama.

Suka tsallaka titi suka dawo. Direba na zaune a ƙofar gidan tallafin. Ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya ga fuskokinsu, ya mayar da kofi bakinsa.

A ɗaki Auta ya jona waya a caji, ya ƙure ƙararta, ya ajiye a kan taga. Ya zauna a ƙasa kusa da ita. Baba ya kwanta ya juya wa ɗakin baya. Inna na zaune a kan jakarta, hannu a haɓa. Rana ta sauko daga taga ta hau bango.

"Da nawa ya goce?" Baba ya tambaya, bai juyo ba.

"Faɗin yatsa."

Baba ya ɗaga yatsansa manuni, mai tsohon tabon zarto, ya daɗe yana kallonsa. Ya kwantar da shi a kan ƙirjinsa ta hagu. Sannan ya lalubo tef ɗin awon, ya miƙa shi baya ba tare da ya duba ba. Auta ya karɓa.

"Ke," in ji Baba.

Inna ta zabura. "Na'am, Malam?"

"Tunda babu zanen da za a ɓata, ɗora ruwa ki ƙarasa. Ba ki cuɗa mini baya ba."

Ta ɗauki bokitin ta fita. Auta ya taɓa fuskar wayar, ta kawo haske. Babu kira. Ya bar yatsansa a kai don kada ta mutu.