Awon Rani, Rigar Damina

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni da keken ɗinkina gaba ɗaya, ya dire mu a bakin wani kogi. Ni Mantau tela, shekara arba'in da ɗaya ina taka keke, ba a taɓa maido mini da riga ba.

Garin da ke wurin na ƙaguwa ne, kowa a kaikaice yake tafiya. Na miƙe sak zan shiga shago, wani dattijo ya ce, "Baƙo, ina tarbiyya?" Sai na karkace. Ruwan sama kuwa daga ƙasa yake tsattsafowa ya haye sama, don haka a ƙafa ake ɗaura lema.

Ina zama sai ga wata ƙaguwa, Ladidi, da mijinta Jatau. A garin nan, idan damina ta sauka ƙaguwa kan tuɓe tsohon ɓawonta, tela ne ke ba ta sabo. Ladidi ta riga ta tuɓe nata, jiki luguf kamar tuwon da bai huce ba. A bakin ƙofa zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, yana goge dogon bakinsa da hankici.

Ta ce, "Baba, rigata. Wancan ya ba ni zuwa la'asar."

Zalɓe ya ce, "Ni mai bin doka ne. Mai ɓawo ba na taɓa shi."

Na ɗauko riga na zura mata. Ƙafa shida suka shiga, biyu suka tsaya a waje.

"Baba, yaushe ka auna ni?"

"Da rani."

"Da rani! Muna ƙuƙume a rami, laka kawai nake lasa? Yanzu kogi ya kawo, na ci na murje. Wa ke auna mutum da rani ya kawo ɗinki da damina?"

Na ce, "Kowane tela."

Jatau ya kwashe da dariya har kumfa ta cika masa baki. Ya ɗaga ƙaton hannunsa ya ce, "Kuma dubi hannun rigar, kamar buhu! Yankan maza ka yi mata. Mu abincinmu hannu yake tafiya, nasu ciki."

Ladidi ta buɗe cikinta mai faɗi kamar faifai, ƙwai jajaye cunkus. "Cikin da ka yanka siriri haka, ina zan zuba 'ya'yan nan?"

Wani tarwaɗa ya hau dutse ya fara gyaran murya zai kira sallar la'asar. Zalɓe ya sauke ɗaya ƙafar.

Na ce, "Jatau, bar haƙora, ara mini hannunka." Da shi na yi almakashi. Na farke buhun nan, na yi ƙari dama da hagu, keke na gudu a kaikaice ina binsa. Ƙafa takwas suka shiga. Saura ciki, yadi kuma ya ƙare. Na cire hulata, wadda ko mai ɗakina ba ta cika ganina babu ita ba, na kifa a kan ƙwan, na ɗinke zagaye.

Ladidi ta rangaɗa guɗa, ta fita tana rawa gefe-gefe, Jatau na tafa mata da hannu ɗaya. Zalɓe ya ƙwanƙwasa bayanta, ƙwas. Ya ƙwanƙwasa na Jatau, ƙwas. Ya ninke hankicinsa zai tafi, sai idonsa ya sauka a kan sanƙona yana ta sheƙi.

Ya ce, "Ashe Baba kai ma ka tuɓe? Wa ke maka ɗinki?"

Ni kuwa ban san wani tela ko ɗaya a garin ba.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Na farka. Gari ya waye, kaza ce ke caccakar kwanon da aka bari a tsakar gida. Sai da na shafa kaina sau biyu kafin na kore ta.